Gidan Gado a Gaya da Ajingi: Wa Zai Gyara Katangar Kowa?

A watan Yuni na 2021 wani bene mai suna Champlain Towers South ya rufta a Surfside ta jihar Florida a Amurka, mutum 98 suka mutu. Kowane mazauni ya mallaki sashensa, amma ginshiƙai da rufi na kowa ne, kuma masu gidan sun daɗe suna ja-in-ja kan kuɗin gyara duk da gargaɗin da injiniya ya yi tun 2018. Mutumin Gaya ko Ajingi ba ya zaune a bene mai hawa 12, amma ya san wannan rigimar sarai, domin ita ce rigimar gidan gado.

Idan maigida ya rasu, ɗakuna suna rabuwa. Zaure da rijiya da masai da katangar waje ba sa rabuwa. Ruwan Agusta ya sauka, indararo ya karye, gindin katanga ya jiƙe har ta fara tsagewa. Wanda ke zaune a ciki ya ce a haɗa kuɗin yaɓe. Wansa da ke kasuwanci a Kano ya ce shi ba ya kwana a gidan. Ƙanwarsu da ke gidan miji kuwa, wadda ita ma tana da kaso, sau da yawa ba a ma tambayarta. A haka damina za ta wuce, katangar ta faɗi kan akuyar maƙwabci, ko kan yaro.

Fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'a na Kano ke aiki da shi, bai bar wannan a sake ba. Risala ta Ibn Abi Zaid, da almajirai ke karantawa a zaurukan malamai, ta ɗora gyaran ƙasan bene a kan mai ƙasan, har da itacen rufinsa. Idan ya ƙi, a tilasta shi ya gyara ko ya sayar wa wanda zai gyara. Akwai kuma shuf'a: magaji ya sayar da kasonsa ga bare kafin a raba gida, abokin tarayya na da ikon biyan kuɗin ya karɓe, muddin bai yi shiru har shekara ba alhali yana gari. Wannan hukunci ne da aka rubuta a ƙarni na 10, kuma ya fi ƙa'idojin ƙungiyoyi da yawa na yau ƙarfi.

Matsalar tana wajen takarda. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasa amana a hannun gwamna, ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin mallaka na gargajiya a wuraren da ba a ayyana su birni ba. Kotun Ƙoli ta nuna a shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989 cewa jinginar da aka yi ba da amincewar gwamna ba banza ce. Amma cinikin karkara yawanci a gaban mai unguwa da shaidu ake ƙulla shi, kuma takardar ba ta faɗin wa ke da alhakin rijiya ko magudanar ruwa.

Kafa ƙungiya ma bai isa ba. Mazauna rukunin gidaje irin su Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo a Kano na iya yin rajista a hukumar CAC, sai dai a 2020 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta hana ƙungiyar mazauna unguwar Gbagada tilasta wa wani kamfani zama ɗan ƙungiya da biyan kuɗinta. Abin da ke ɗaure mutum shi ne sharaɗin da ya sa wa hannu.

Masarautar Gaya, wadda dokar masarautun Kano ta 2024 ta haɗa mata Gaya da Ajingi da Albasu, tana da hakimai da dagatai da za su iya gyara wannan. A ranar rabon gado, alƙali da mai unguwa su rubuta abin da ya rage na tarayya, da kason kowa a kuɗin gyara, a ba kowane magaji kwafinsa, mata da maza.