Yadda ake zaɓen ƙaramar miksa mai araha domin gwajin kiɗa da hedifon

Mai koyon jita ko fiyano da ke zaune a gidan haya yana fuskantar matsala guda: lokacin da ya samu sararin gwaji, wato da daddare ko da sassafe, shi ne lokacin da maƙwabta ke buƙatar shiru. Sanya hedifon a kunne yana magance rabin matsalar. Ragowar rabin kuwa shi ne yadda zai ji kiɗan da yake yi tare da waƙar da yake bi daga wayar salula a lokaci guda, kuma ya iya ƙara ɗaya ya rage ɗaya. Wannan shi ne aikin miksa, wato na'urar da ke karɓar sauti daga kafofi daban-daban ta haɗa su ta fitar da su ta hanya guda.

Miksar da ta dace da wannan aiki ba ta wuce girman littafi ba. Sai dai yawan mamurɗai da fitilu ba shi ne ma'aunin dacewarta ba. Abin da ya kamata a duba shi ne irin kayan kiɗan da za a haɗa, da mafitar hedifon, da kuma yadda na'urar ke samun wuta.

Tambayar farko: ana ma buƙatarta?

Da yawa daga cikin fiyanon lantarki na masu koyo, kamar Yamaha PSR-E373, suna da ramin da aka rubuta wa AUX IN. Idan aka haɗa wayar salula da shi, sautin waƙar yana fitowa ta hedifon tare da na fiyanon, ba tare da wata na'ura ba. Haka nan mafi yawan gangunan lantarki da ƙananan amfilifayar jita suna da irin wannan rami. Mai jita kuma yana iya wadatuwa da ɗan abin nan na kamfanin Vox mai suna amPlug, wanda ake cusawa kai tsaye a jikin jitar, yana aiki da batir. Wanda ke da ɗaya daga cikin waɗannan, kuɗinsa sun huta.

Miksa tana zama dole ne idan abubuwan da za a haɗa sun kai uku, misali fiyano da makirfo da waya, ko idan malami da ɗalibi za su yi kiɗa tare. Ya kamata kuma a sani cewa ba ta rage ƙarar kayan kiɗan da ke fitar da sautinsu da kansu. Kalangu da gurmi da kukuma za su ci gaba da amo a ɗaki ko da makaɗin ya toshe kunnuwansa da hedifon.

Ƙidayar kafofin shiga

Lambar da ke cikin sunan miksa takan ruɗi mai saye, domin kamfanoni na ƙirga kowane rami a matsayin kafa guda. Sautin sitiriyo kuwa, mai ɓangaren hagu da na dama, ramuka biyu yake ci. Xenyx 502 ta kamfanin Behringer, wanda Uli Behringer ya kafa a Jamus a 1989, ana tallata ta da kafofi biyar, amma layi uku ne a zahiri: ɗaya na makirfo da biyu na sitiriyo. Yamaha MG06 mai kafofi shida layi huɗu ce: biyu na makirfo da biyu na sitiriyo. Mix5 da Mix8 na kamfanin Mackie na Amurka su ma a wannan rukuni suke.

Don haka sai mutum ya lissafa kayansa kafin ya je kasuwa. Fiyano na son layin sitiriyo ɗaya, waya na son ɗaya, makirfo na son nasa. Wanda zai yi waƙa yana kaɗa fiyano yana bin sauti daga waya, ya cika layukan 502 ke nan. Idan akwai yiwuwar wani ya zo da jita, gara a ƙara kuɗi a sayi mai layi huɗu.

Wasu ƙananan miksa na da ramuka biyu, ja da fari, na haɗa rakoda. A kan 502 waɗannan ramuka ba su da mamurɗin ƙara sauti na kansu, sai dai a daidaita daga jikin wayar. Haɗa wayar da cikakken layin sitiriyo ya fi sauƙin sarrafawa.

Matsalar jita

A nan ne masu saye suka fi yin kuskure. Fiyano da gangunan lantarki suna fitar da sauti mai ƙarfi wanda kowane ramin da aka rubuta wa LINE zai karɓa lafiya. Jitar lantarki da jitar bes marasa batir ba haka suke ba. Maganaɗisun da ke ɗaukar motsin tsirkiyarsu yana fitar da sigina mai rauni, kuma yana buƙatar mashiga mai turjiyar lantarki mai yawa, kimanin om miliyan ɗaya, kamar yadda ake samu a amfilifayar jita. Turjiyar ramin LINE na yawancin ƙananan miksa kuwa ba ta wuce om dubu goma zuwa dubu ashirin ba. Sakamakon haka, idan aka cusa jita kai tsaye sai sautin ya fito a dakushe, siraran muryoyin su ɓace. Ba abin da zai ƙone, amma mai koyo zai iya zaton hannunsa ne bai iya ba, alhali laifin haɗin ne.

Mafita uku ce. Ta farko, a nemi miksa mai ramin da aka rubuta wa Hi-Z ko aka yi wa zanen jita, kamar Yamaha AG03, duk da cewa ta fi tsada. Ta biyu, a sa akwatin DI tsakanin jitar da ramin makirfo. Ta uku, a bi da sautin ta cikin feda mai sarrafa muryar jita, irin na kamfanonin Boss da Zoom, musamman wadda ke kwaikwayon amon amfilifaya da lasifika, domin sautin jita tsurarsa ba shi da daɗi a hedifon. Jitar bes mai batir na bolt 9 a cikinta galibi ba ta da wannan matsala.

Mafitar hedifon

Ba kowace miksa ke da ita ba. MX400 ta Behringer, wadda arharta ke jan hankali, tana haɗa kafofi huɗu ta fitar da su ta rami guda wanda ba sitiriyo ba, kuma ba a yi ta domin hedifon ba. Abin nema shi ne ramin da aka rubuta wa PHONES, mai mamurɗinsa na kansa.

Faɗin wannan rami yawanci milimita 6.35 ne, alhali fulogin hedifon na yau da kullum milimita 3.5 ne, saboda haka ana buƙatar ɗan adafta mai zobe biyu a jikinsa. Mai zobe ɗaya kunne guda kawai zai bai wa sauti. Hedifon mai turjiyar om 32 zuwa 80 yana aiki da kyau da ƙananan miksa, amma mai om 250 ko fiye yana iya yin ƙasa-ƙasa. Wanda ke rufe kunne ruf ya fi dacewa idan akwai mai barci a ɗakin.

Hedifon na Bluetooth bai dace da gwajin kiɗa ba. Jinkirinsa kan haura kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, wanda ya isa ya sa mutum ya taɓa fiyano ya ji sautin daga baya. Miksa da hedifon mai igiya ba su da wannan jinkiri.

Wuta da kayan gwanjo

Lantarkin Najeriya bolt 230 ne, na Amurka kuwa bolt 120. Miksar gwanjo da ta fito daga Amurka tana iya zuwa da adaftar bolt 120, wadda za ta ƙone da zarar an cusa ta a soket. Sai a karanta rubutun jikin adaftar kafin a biya kuɗi, ko a kasuwar Sabon Gari ta Kano ne ko a Alaba ta Legas. Bugu da ƙari, wasu miksa, ciki har da 502, suna amfani da adafta mai baki na musamman wadda cajar waya ba za ta maye gurbinta ba. Sayen irin wannan miksa ba tare da adaftarta ba asara ce.

A wurin da wuta ba ta tsayawa, miksa mai shan wuta ta USB, kamar Xenyx 302USB da AG03, ta fi amfani, domin ana iya kunna ta da batirin cajin waya. Idan kuma aka ji gunji ko ƙugi a hedifon, a fara cire wayar salula daga caji, domin sau da yawa daga nan yake fitowa.

Kafin a bar shago, a gwada kowane rami da hedifon a kunne, a murɗa kowane mamurɗi daga farko zuwa ƙarshe ana sauraren ƙaraf-ƙaraf, a kuma tabbatar kunnuwan hagu da dama suna fitar da sauti daidai wa daida.

Kare ji

Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin rasa ji saboda sauraren sauti mai ƙarfi. Ƙa'idar da ta fitar a 2019 tare da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya ta ƙayyade desibel 80 na tsawon sa'o'i 40 a mako ga manya, da desibel 75 ga yara. Duk ƙarin desibel 3 yana rage wannan lokaci da rabi.

Makaɗi ya fi mai sauraro shiga haɗari, domin yakan ƙara sautin kayansa don ya rinjayi waƙar, sannan ya ƙara waƙar don ya ji ta, har abin ya wuce kima bai ankara ba. Dabarar ita ce a mayar da mamurɗin hedifon ƙasa kafin a kunna ko a cusa wata igiya, a ɗaga shi a hankali, kuma idan wani sauti ya danne wani, a rage mai ƙarfin maimakon a ƙara mai raunin. Wanda ya cire hedifon ya ji kunnensa na ƙara ko ya yi dum, ya wuce gona da iri, sai ya rage sautin a zama na gaba.