Windows 11 a tsohuwar kwamfuta: Abubuwan da ke hana ta tashi da yadda ake gane su

Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025 da kamfanin Microsoft ya daina aika wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na kyauta, masu kwamfuta da dama suka koma neman hanyar ɗora Windows 11 a kan na'urorin da suke da su. Matsalar ita ce, yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka na hannu da ake sayarwa a kasuwanni irin su titin Beirut a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, an ƙera su ne kafin a gindaya sharuɗɗan sabuwar manhajar. Haka lamarin yake ga kwamfutar tebur da aka harhaɗa daga sassa daban-daban. Ana iya tilasta wa irin waɗannan na'urori karɓar Windows 11, amma sau da yawa a nan ne ake gamuwa da baƙin allo, ko shuɗin allo, ko kwamfutar da ke ta kashe kanta tana kunnawa, alhali lissafin shago ko takardun ofis na shekaru suna ciki.

Sharuɗɗan da aka gindaya

An fitar da Windows 11 ranar 5 ga Oktoba, 2021. Tana buƙatar furosesa mai bit 64, da RAM aƙalla gigabait 4, da wurin ajiya gigabait 64, da tsarin tashi na UEFI mai iya ɗaukar Secure Boot, da kuma guntun tsaro na TPM 2.0. A ɓangaren furosesa, jerin da kamfanin ya amince da shi ya fara ne daga zubi na takwas na Intel Core, wanda ya fito a 2017, da Ryzen 2000 na AMD, sai wasu 'yan tsiraru da aka keɓe.

Gane zubin furosesa ba shi da wuya. Sau da yawa lambar farko bayan alamar tsaga ita ke nunawa: i5-6300U zubi na shida ne, i5-8250U kuma na takwas. Saboda haka kwamfutoci masu ƙwari da suka cika ofisoshi, kamar HP EliteBook 840 G3 da Dell Latitude E7470 da ThinkPad T460, duk suna wajen jerin, duk da cewa har gobe suna aiki lafiya lau.

Akwai kuma waɗanda ake zaton ba su cancanta ba alhali sun cancanta. Idan allo ya nuna "This PC can't run Windows 11" a kan kwamfutar da ba ta tsufa ba, galibi TPM ɗin yana nan, kashe shi kawai aka yi a saitin BIOS. A na'urorin Intel yana zuwa da sunan PTT, a na AMD kuma fTPM. Rubuta tpm.msc a akwatin Run yana nuna ko yana kunne da kuma samfurinsa, msinfo32 kuma yana faɗin ko kwamfutar a UEFI take tashi ko a tsohon tsarin Legacy. Binciken minti biyu ne da ya raba mutane da yawa da kuɗin sabuwar kwamfuta.

Yadda kwamfuta ke tashi

Wanda ya san matakan tashin kwamfuta ya riga ya gano rabin matsalar, domin wurin da ta tsaya shi ke nuna inda ciwon yake. Da an danna maɓallin kunnawa, 'yar ƙaramar manhajar da ke zaune a jikin madabod, wato BIOS ko UEFI, ita ke fara farkawa ta duba RAM da allo da sauran sassa. Daga nan ta nemi faifan da za ta tashi daga kansa. A tsarin UEFI tana neman wani ɗan ƙaramin yanki na faifan mai suna EFI, inda Windows Boot Manager yake. Shi kuma ya karanta wani kundi da ake kira BCD domin sanin inda Windows take, sannan ya miƙa ragama gare ta, ita kuma ta loda direbobin da za ta yi magana da sassan na'urar da su.

Idan ko tambarin kamfanin da ya ƙera kwamfutar bai bayyana ba, sai ƙara ko ƙyaftawar fitila, to babu ruwan Windows a ciki. RAM ne ko madabod ko wuta. Idan tambarin ya fito sannan aka ce ba a ga abin tashi ba, matsalar tana tsakanin BIOS da faifai. Idan kuwa ɗigo-ɗigon Windows sun fara juyawa kafin shuɗin allo ya faɗo, to direba ko saiti ne ake tuhuma.

Filashin da aka ɗora manhajar a kai

Abu na farko da ya kamata a zarga shi ne filashin. Ana buƙatar mai gigabait 8 ko fiye, kuma na gaske, domin akwai na jabu da ke nuna girman da ba su da shi, su karɓi fayil su lalata shi ba tare da gargaɗi ba. Haka nan fayil ɗin da aka sauko da shi a intanet mai yankewa yana iya zuwa da giɓi. Alamar da aka fi gani ita ce saƙon da ke cewa "A media driver your computer needs is missing". Mutane kan kwana neman direba, alhali sauya kafar USB ko sake haɗa filashin shi ne magani a mafi yawan lokuta.

Akwai wani tarko kuma. Tsarin FAT32, wanda UEFI ya fi ganewa, ba ya ɗaukar fayil guda da ya wuce gigabait 4, babban fayil ɗin Windows 11 kuwa ya zarce haka. Shi ya sa kwafe fayiloli da hannu zuwa filashi ba ya yin aiki. Manhajar Media Creation Tool ta Microsoft, da Rufus wadda Pete Batard ya rubuta, kowace tana da dabarar kauce wa wannan. Idan filashin bai bayyana ba sam, sai a buɗe jerin zaɓin tashi: F12 a Dell da Lenovo, F9 a HP.

MBR da GPT

Nan ne aka fi yin asara, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Hanyoyi biyu ake tsara faifai. MBR tsohon tsari ne tun 1983, ba ya wuce manyan yankuna huɗu, ba ya kuma amfani da abin da ya haura terabait 2. GPT shi ne sabo, kuma shi ke tafiya da UEFI. Ƙa'idar Windows ita ce: idan an tashi filashin a UEFI, faifan dole ya zama GPT, idan an tashe shi a Legacy, dole ya zama MBR. Da zarar an cakuɗa su sai a ga "Windows cannot be installed to this disk", tare da bayanin cewa faifan MBR ne, ko kuma GPT ne.

Sau da yawa filashi ɗaya yakan bayyana sau biyu a jerin zaɓin tashi, ɗaya da kalmar UEFI a gabansa, ɗaya babu. Zaɓar wanda bai dace ba kaɗai ya isa ya jawo wannan saƙo, kuma gyaransa shi ne a kashe a sake zaɓa.

Hanyar gaggawa da wasu masu gyara ke bi ita ce buɗe diskpart su ba da umarnin clean, sannan su juya faifan zuwa GPT. Tana aiki, amma tana share taswirar faifan gaba ɗaya, har da yankin D da mai kwamfuta ke zaton ba za a taɓa ba. Wanda ya miƙa kwamfutarsa ya ce "a yi mini fomat ɗin C kawai" yana iya dawowa ya tarar da faifai fayau. Tun 2017 Windows 10 take ɗauke da wata manhaja mai suna mbr2gpt da ke juya faifan ba tare da goge komai ba, muddin manyan yankunansa ba su wuce uku ba. Bayan ta gama dole ne a shiga BIOS a mayar da tashin zuwa UEFI, in ba haka ba kwamfutar za ta ce ba ta ga abin tashi ba. Ko da wannan hanya za a bi, kwafe muhimman fayiloli zuwa wani wuri daban shi ne aikin farko, kuma mai kayan ne ya kamata ya ga an yi da idonsa.

An gama ɗorawa, amma ta ƙi tashi

Saƙon "No bootable device" bayan an kammala komai yakan fito ne daga rashin jituwar da aka ambata, ko kuma daga jerin tashi da bai sa Windows Boot Manager a sama ba. A tsofaffin na'urori akwai wani mai laifi da ake mantawa da shi: ɗan batirin madabod mai kama da kwabo, wanda a kwamfutar tebur yawanci CR2032 ne. Idan ya mutu, saitin BIOS yana iya komawa na asali duk lokacin da wuta ta yanke. Agogon da kullum ke komawa wata tsohuwar shekara shi ke tona asirinsa.

Shuɗin allo mai ɗauke da INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE yana nufin Windows ta fara tashi amma ta kasa karanta faifan da take kai. Sanadin da ya fi yawa shi ne sauya saitin SATA a BIOS tsakanin AHCI da RAID ko IDE bayan an riga an ɗora manhajar. Mayar da shi yadda yake yakan wadatar. Ɗan'uwan wannan matsala yana faruwa a sababbin na'urori, daga zubi na 11 na Intel zuwa sama, inda faifan ba ya bayyana ko kaɗan a lokacin ɗorawa saboda wani tsari mai suna VMD. A nan sai an sa direban Intel RST a filashi an loda shi, ko a kashe VMD ɗin.

Lambobi irin 0xc000000e da 0xc000000f da 0xc0000225 kuwa suna nuni ne ga kundin BCD da ya lalace ko yake nuna wurin da babu komai. Ana ganin su bayan ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki, ko bayan kwafe Windows daga tsohon faifai zuwa SSD. Akwai kuma wani sanadi a kwamfuta mai faifai biyu: Windows takan ajiye yankin EFI a kan faifai ɗaya, ita kuma ta zauna a ɗayan, ranar da aka cire na farkon sai tashi ya gagara. Cire duk wani faifai banda wanda ake so kafin a fara shi ne rigakafi. Gyaran kuma ana yin sa ne daga filashin, ta zaɓin Startup Repair, in bai yi ba a sake gina kundin da umarnin bcdboot.

Maganar wuta ba ƙarama ba ce a inda ba a da tabbacin lantarki. Kwamfutar da batirinta ya mutu bai kamata a ɗora mata manhaja a kan wutar da ke iya ɗaukewa ba, balle a sabunta mata BIOS, wanda yankewarsa a tsakiya kan iya kashe madabod.

Katangar da ba a tsallakewa

Rufus tana da zaɓin cire binciken TPM da Secure Boot da RAM, kuma ana amfani da shi wajen ɗora Windows 11 a kan na'urorin da ba su cancanta ba. Sai dai tsallake bincike ba ya ƙara wa furosesa abin da ba a ƙera shi da shi ba. Tun samfurin 24H2 da ya fito a Oktoban 2024, manhajar tana buƙatar furosesa mai umarnin POPCNT da SSE4.2. Intel ya fara sa SSE4.2 ne a furosesoshin Core i7 na farko a 2008, don haka Core 2 Duo da sa'o'insa ba za su tashi ba ko wace dabara aka yi. Kwamfutar za ta tsaya a tambari ko ta yi ta zagaye, kuma duk kuɗin da aka biya mai gyara a kanta an yi asararsa.

BitLocker

Windows tana iya kulle faifai da BitLocker, a wasu na'urori ma da kanta take yi idan aka shiga da asusun Microsoft. Makullin yana ɗaure ne da TPM. Taɓa Secure Boot, ko goge TPM, ko sabunta BIOS, kowane yana iya sa kwamfutar ta nemi lambar ceto mai alƙaluma 48. Ana samun ta a asusun Microsoft da aka fara shiga da shi, ko a wajen sashen kwamfuta na ma'aikata idan na'urar ta ofis ce. Idan babu lambar, babu gwanin da zai buɗe faifan. Wannan kaɗai ya isa hujjar cewa ma'aikaci bai kamata ya kai kwamfutar gwamnati kasuwa ba tare da sanin sashen da ke kula da ita ba.

Bayan ta tashi

Microsoft ya bayyana ƙarara cewa na'urar da ba ta cika sharuɗɗa ba ba ta da tabbacin samun sabuntawa. A aikace gyare-gyaren wata-wata sukan zo, amma babban samfurin shekara ba ya zuwa da kansa, kuma kowane samfuri na Home da Pro wata 24 kawai ake tallafa masa. Ma'ana, duk bayan shekara ɗaya ko biyu sai an sake wannan aiki da hannu. Wanda ya haura daga Windows 10 ba tare da goge faifai ba yana da kwana 10 da zai iya komawa baya ta cikin Settings.

Ga wanda kwamfutarsa ke riƙe da lissafin kasuwanci ko yake shiga banki da ita, akwai hanyoyin da suka fi kwanciyar hankali. Kamfanin ya buɗe shirin ƙarin gyaran tsaro na Windows 10 ga ɗaiɗaikun mutane zuwa 13 ga Oktoba, 2026, a kan dala 30, ko kyauta ga wanda ya haɗa saitinsa da asusun Microsoft. Linux Mint da Ubuntu suna gudana sumul a kan zubi na shida da na bakwai, kuma sun isa ga mai rubutu da lissafi da intanet, sai dai wasu manhajojin ciniki da direbobin firinta Windows kaɗai suka sani, don haka a gwada su daga filashi kafin a goge komai. Wanda kuma zai sayi wata kwamfutar ta hannu, ya buɗe msinfo32 da tpm.msc a gaban mai sayarwa, ya ga lambar furosesa da samfurin TPM kafin ya biya.