Auren Mace Ɗaya a Tarihin Kiristanci

Manyan ɗarikun Kirista, Katolika da Otodoks da Furotesta, sun haɗu a kan cewa aure tsakanin namiji ɗaya ne da mace ɗaya. Sai dai duk wanda ya buɗe Littafi Mai Tsarki yana neman ayar da ta fito ƙarara ta hana kowane namiji ƙara aure, ba zai same ta ba. Ƙa'idar ta ginu ne sannu a hankali, daga yadda aka fahimci labarin halitta da maganar Yesu a kan saki, a cikin daular Rum wadda dokarta ba ta san kishiya ba. Sanin wannan tarihi ne ke raba abu biyu da aka daɗe ana cakuɗawa: koyarwar auren mace ɗaya, wadda jijiyarta ta yi nisa, da tilasta wa sabon tuba ya kori matansa, wanda hujjarsa ba ta taɓa yin ƙwari ba.

Tsohon Alkawari bai ɓoye komai ba. Lamek ne mutum na farko da littafin Farawa ya ambata da mata biyu. Ibrahim ya zauna da Saratu da Hajaratu, kabilun Isra'ila goma sha biyu kuma daga mata huɗu suka fito a gidan Yakubu. An ba da labarin Sulemanu da mata 700 da ƙwaraƙwarai 300. Shari'ar Musa ba ta hana wannan aure ba, gindaya masa iyaka ta yi. Fitowa 21 ta hana mai ƙara aure rage wa ta farko ci da sutura da haƙƙin kwana. Maimaitawar Shari'a 21 ta ce in ɗan fari na bora ne, uba ba shi da ikon ɗauke masa rabonsa na gado ya ba ɗan mowa. Dokar da take tsara abu ta yarda ke nan da samuwarsa. Amma labaran kansu ba sa yabon irin wannan gida. Hajaratu ta ƙare a jeji da ɗanta, Rahila da Lai'atu sun yi ta gasar haihuwa, Feninna ta riƙa gorin rashin ɗa ga Hannatu har ta kasa cin abinci, 'ya'yan Dawuda 'yan uba kuma suka zubar da jinin juna.

A zamanin Yesu al'adar ba ta mutu a cikin Yahudawa ba, domin marubucin tarihi Yosifus ya ce sarki Hirudus na da mata tara a lokaci guda. Duk da haka an riga an sami masu ƙin ta, kamar jama'ar Kumran da ke gefen Tekun Gishiri, waɗanda suka kafa hujja da cewa namiji ɗaya da mace ɗaya aka halitta tun farko. Da aka tambayi Yesu batun saki a Matiyu 19 da Markus 10, wannan tushen ya koma: mutum biyu ne ke zama jiki ɗaya, kuma wanda ya saki matarsa ya auri wata ya yi zina. Daga nan malaman ikilisiya suka ciro hujjarsu mafi ƙarfi. In auren wata bayan saki laifi ne ga matar farko, yaya zai halatta alhali tana cikin ɗakinta? Wasiƙun Timoti da Titus kuma sun sa zama da mace ɗaya cikin sharuɗɗan shugabancin ikilisiya, wasiƙar Afisawa ta kwatanta aure da dangantakar Almasihu da ikilisiyarsa.

Akwai masu cewa duk wannan al'adar Rumawa ce aka yafa mata mayafin addini. Maganarsu na da ƙamshin gaskiya, domin Rumawa da Girkawa mace ɗaya suke aure tun kafin Kiristanci, kuma doka ce ta sarki Tiyodosiyus a 393 ta hana Yahudawan daular ƙara aure. Amma Barume yana da mace ɗaya a doka, ga kuyangi yana yin yadda ya so da su, ga saki a sauƙaƙe. Ikilisiya ta ƙi duka biyun, ta ɗora wa miji amanar da ake ɗora wa mata, abin da ba daga Rum ta koyo shi ba. Waɗanda suka fi zurfafa wannan tunani ma 'yan Afirka ta Arewa ne. Tatuliyan na Kartaj ya tsananta har ya ƙi auren bazawara. Agustin na Hippo, wajen shekarar 401, ya fi shi adalci: ya ce kakannin bangaskiya ba su yi zunubi ba, domin a zamaninsu al'ada ta yarda kuma ana bukatar zuriya, amma yanzu aure alama ce ta haɗin Almasihu da ikilisiya ɗaya.

Zamanin gyaran ikilisiya ya ɗan girgiza lamarin. Martin Luta ya yarda cewa nassi bai hana a fili ba, shi da abokin aikinsa Melankton kuma suka ba Filib, mai mulkin Hese, izini a asirce, ya ƙara aure a 1540, abin da ya zame musu abin kunya. A Munsta ta Jamus masu tsattsauran ra'ayi sun halatta shi a 1534, aka murƙushe su shekara guda bayan haka. Majalisar Tirent ta Katolika ta rufe ƙofar a 1563.

Inda maganar ta taɓa rayukan mutane da gaske shi ne fagen mishan. A nan ba Kirista ne ke neman ƙarin mata ba. Magidanci ne da ya yi aurensa bisa al'adar iyayensa, da sadaki da shaidu, sannan ya ji bishara ya ba da gaskiya. Bishop Kolenso na Natal ya rubuta a 1855 cewa korar matan irin wannan mutum zalunci ne, domin macen Zulu da aka kora tana rasa 'ya'yanta da matsugunninta ba tare da ta yi laifin komai ba. Henry Venn, sakataren ƙungiyar mishan ta CMS, ya tsaya a kan a hana baftisma, Bishop Ajayi Crowther na yankin Neja ma bai goyi bayan sassauci ba. Taron bishop-bishop na Angilikan a Lambet a 1888 ya yanke cewa mai mata da yawa ya zauna a ajin koyo ba baftisma, matansa kuwa ana iya yi musu a wasu halaye. Hujjar masu tsanani ita ce in aka buɗe ƙofa kaɗan, matasa za su tara mata tukuna su zo neman baftisma. Tsoron ba na banza ba ne, amma maganin da suka zaɓa ya sa ana umartar mutum da saki, abin da Yesu ya hana a fili, don guje wa abin da bai ambata da suna ba. Nauyin kuma a kan mata da yara ya sauka. Wannan na cikin batutuwan da suka raba ikilisiyoyin Legas, inda cocin 'yan ƙasa da aka kafa a 1891 ya karɓi masu mata fiye da ɗaya. A arewacin Najeriya ma an sha ganin dattijon da ya ba da filin gina majami'a yana zaune a bencin baya, ba ya cin jibin Ubangiji.

Sai bayan shekara ɗari cif aka sauya hukuncin Lambet. Taron Lambet na 1988, bisa matsin bishop-bishop na Gabashin Afirka, ya sake tabbatar da auren mace ɗaya a matsayin nufin Allah, sannan ya yarda a yi wa mai mata da yawa baftisma tare da iyalinsa masu bi, da sharaɗin ba zai ƙara ba muddin ɗaya daga matansa na raye, ikilisiyar yankin ta amince, kuma ba za a tilasta masa korar kowa ba. Cocin Lutaran na Laberiya ya riga su tun 1951. Dokar Katolika ta 1983 har yanzu tana bukatar sabon tuba ya zauna da mace ɗaya, tare da tanadin bukatun sauran, amma a 2023 babban taron bishop-bishop a Rum ya nemi takwarorinsu na Afirka su sake nazarin yadda za a yi kiwon irin waɗannan gidaje.