Me Ya Sa Wi-Fi Ke Tafiyar Hawainiya A Gida Alhali Intanet Ɗin Faiba Na Da Sauri?

A 'yan shekarun nan gidaje da ofisoshi da dama a Legas, Abuja, Fatakwal, Ibadan da Kano sun koma amfani da intanet na faiba, wato wanda ake jawowa ta siririyar wayar gilashi har cikin gida. Kuɗin da ake biya duk wata ba kaɗan ba ne, kuma kamfani kan yi alkawarin megabit 50, ko 100, ko ma fiye da haka a kowace daƙiƙa. Sai dai kuma koke bai ƙare ba: bidiyo na tsayawa, taron aiki na yankewa, ɗalibi na kasa tura aikinsa kafin a rufe karɓa.

Mutane da yawa kan ɗora wa kamfani laifi kai tsaye, wasu kuma su ƙara kuɗi su sayi tsari mafi tsada, amma su ga babu abin da ya sauya. Sau da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki, domin matsalar tana cikin gida, tsakanin na'urar da ke rarraba intanet da wayar da ke hannun mutum. Akwai hanya mai sauƙi ta gano ɓangaren da ke da laifi kafin a kashe ko sisi.

Inda alkawarin kamfani ya tsaya

Wayar faiba haske take ɗaukowa, ba wutar lantarki ba. Idan ta shigo gida takan tsaya a wani ƙaramin akwati da ake kira ONT, wanda ke mayar da hasken zuwa saƙon da kwamfuta ke ganewa. Daga nan saƙon kan wuce zuwa rauta, na'urar da ke watsa intanet ta iska zuwa wayoyi, talabijin da kwamfutoci. A gidaje da yawa akwati ɗaya ne ke yin ayyukan biyu.

Saurin da kamfani ya sayar yana tsayawa ne a bakin wannan akwati. Abin da ya biyo baya aikin Wi-Fi ne, shi kuwa Wi-Fi rediyo ne mai gajeren zango, wanda nisa, bango da cunkoso ke rage masa ƙarfi. Lamarin ya yi kama da gidan da aka jawo wa ruwa da babban bututu har ƙofa, amma ana shigar da shi ɗakuna da buta. Ƙara girman bututun waje ba zai ƙara ruwan da ke isa ɗaki ba.

A fara gwadawa da kebul

Matakin farko shi ne a haɗa kwamfuta da rauta kai tsaye da kebul ɗin Ethernet, a kashe Wi-Fi na kwamfutar, a dakatar da duk wani abu da ake saukewa a gidan, sannan a auna sauri a shafi irin su Speedtest ko Fast.com. Yana da kyau a maimaita gwajin da safe, da rana, da kuma bayan isha'i lokacin da jama'a suka fi yawa a intanet, a riƙa rubuta sakamakon.

Bayan haka a cire kebul ɗin, a gwada da Wi-Fi kusa da rauta, sannan a sake gwadawa a ɗakin da ake kuka da shi. Waɗannan alƙaluma uku sun isa su nuna inda gizo ke saƙa. Idan kebul ya ba da abin da ya yi kusa da wanda aka saya, kamfani ya cika alkawari, gyaran na cikin gida ne. Idan kuwa kebul ɗin ma ya gaza, sai a duba layin kansa.

A nan ya kamata a lura da wani ruɗani na ma'auni. Kamfanoni da megabit suke talla, ana rubuta shi Mbps, amma manhajojin sauke fayil kan nuna megabait, wato MB. Bit 8 ne ke yin bait 1. Saboda haka mai tsarin megabit 100 da ya ga fayil na sauka da megabait 11 ko 12 a daƙiƙa ba a cuce shi ba, cikakken haƙƙinsa ke nan.

Idan gwajin kebul ya gaza

A fara duba fitilun akwatin faiba. Fitilar da aka rubuta wa LOS idan ta yi ja, haske ba ya isowa, wato wayar ta tsinke ko ta lanƙwashe a wani wuri. Wannan aikin ma'aikatan kamfani ne. Kada a naɗe wayar faiba da ƙarfi ko a danne ta da ƙofa, kuma kada a leƙa bakinta, domin hasken da ke ciki ido ba ya ganinsa amma yana iya yi masa lahani.

Idan sakamako kullum yana tsayawa a 90 zuwa 95 ga wanda ya sayi megabit 200 ko 500, to akwai wani abu a hanya da iyakarsa 100 ce. Tsofaffin rautoci, wasu kwamfutoci da talabijin da yawa suna da kafar kebul mai wannan iyaka. Kebul mai rauni ma kan jawo haka: a cikinsa akwai wayoyi 8, kuma saurin gigabit na buƙatar dukkansu, don haka idan wasu suka tsinke sai haɗin ya sauka zuwa 100. Kebul nau'in Cat5e ko Cat6 mai lafiya, wanda tsawonsa bai wuce mita 100 ba, yana warware wannan.

Wani lokaci kuma matsalar ta fi ƙarfin gida da ma kamfanin. A ranar 14 ga Maris, 2024, lalacewar wasu manyan wayoyin ƙarƙashin teku a gaɓar Afirka ta Yamma, ciki har da MainOne, WACS, ACE da SAT-3, ta kawo cikas ga intanet a Najeriya da maƙwabtanta na tsawon kwanaki. Haka kuma ayyukan gina hanyoyi kan tsinke wayoyin faiba a cikin gari. Idan gazawar ta daɗe, a kai ƙara ga kamfani tare da sakamakon gwajin da aka rubuta, a kuma karɓi lambar shaidar ƙorafi. Idan ba a sami biyan buƙata ba, Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, tana da lambar kira kyauta ta 622 domin irin wannan.

Zangon 2.4 da zangon 5

Idan kebul ya tabbatar da cewa layi lafiya yake, abu na gaba shi ne sanin zangon da waya ta hau. Yawancin rautoci na watsa saƙo a zango biyu: gigahaz 2.4 da gigahaz 5. Na 2.4 ya fi cin nisa da ratsa bango, amma hanyarsa ƙunci gare ta, kuma a aikace sau da yawa ba ya wuce megabit 30 zuwa 60 a waya. Na 5 ya fi faɗi, yana iya kaiwa ɗaruruwan megabit kusa da rauta, sai dai bango na saurin raunana shi.

Wasu rautoci kan nuna suna biyu, ɗaya da 5G a ƙarshensa. Wannan 5G ɗin zangon gigahaz 5 yake nufi, ba shi da alaƙa da 5G na layukan waya da aka fara amfani da shi a Najeriya a 2022. Duk na'urar da ke kusa kuma take buƙatar sauri, a ɗora ta a kansa, a bar wa na nesa da ƙananan na'urori zangon 2.4. Idan rauta ta haɗe zangon biyu a suna ɗaya kuma waya na yawan maƙalewa a na 2.4, ana iya raba sunayen a shafin saituna, wanda adireshinsa ke rubuce a takardar da ke manne a ƙarƙashin na'urar.

Wurin da aka ajiye rauta

Masu jawo waya kan kafa akwati a inda ya fi musu sauƙi, galibi a kusurwar falo kusa da taga, ko bayan talabijin. Gidajenmu kuwa na bulo da siminti ne, benaye na da dakin mai rodi, ga ƙofofin ƙarfe da ƙarafan tagogi. Duk waɗannan suna shanye saƙon Wi-Fi ko su mayar da shi baya. Madubi babba, firji da tankin ruwa ma haka suke yi.

Wurin da ya fi dacewa shi ne tsakiyar gida, a sarari, a kan tebur ko kanta, ba a ƙasa ba kuma ba cikin kabad ba. Idan rautar na da eriya, a tsayar da su. Matsar da ita 'yan mitoci kaɗan, yadda bango ɗaya ne kawai zai shiga tsakaninta da ɗakin aiki maimakon uku, kan kawo sauyin da ƙarin kuɗin wata ba zai kawo ba.

Cunkoson maƙwabta

A rukunin gidaje da benaye masu ɗakunan haya, waya kan nuna sunayen Wi-Fi goma ko fiye. Dukkansu iska ɗaya suke rabawa. A zangon 2.4 tashoshi uku ne kacal ba sa shiga hurumin juna: 1, 6 da 11. Manhajojin duba Wi-Fi na kyauta suna nuna wadda ta fi ƙarancin cunkoso, sai a zaɓe ta, a kuma bar faɗin tasha a megahaz 20. Na'urar ɗumama abinci ta maikurowef da kayan Bluetooth su ma a wannan zango suke aiki, shi ya sa intanet kan yi rauni idan rauta na kusa da kicin. Zangon 5 ya fi yawan tashoshi, kuma saƙon maƙwabta ba ya ratsowa da ƙarfi a cikinsa.

Shekarun na'ura

Fasahar Wi-Fi hawa-hawa ce. Wi-Fi 4 ya fito a 2009, Wi-Fi 5 a 2013, Wi-Fi 6 a 2019, sannan Wi-Fi 7 a 2024. Haɗin kowace na'ura da rauta yana tafiya ne da ƙarfin wadda ta fi rauni a cikinsu. Ƙaramar waya mai eriya ɗaya a Wi-Fi 4 kan haɗu a megabit 72, mai eriya biyu a Wi-Fi 5 kan kai 866, a Wi-Fi 6 kuma kusan 1,200. Waɗannan lambobin haɗi ne kawai. Abin da ke isowa a zahiri yakan kasance rabi zuwa kashi biyu cikin uku nasu. Haka lambar da ake bugawa a kwalin rauta jimillar zangunanta ce, babu waya ɗaya da za ta same ta duka.

Saboda haka a gwada da na'urori biyu a wuri ɗaya. Idan sabuwar waya na gudu, tsohuwar kwamfuta na jan ƙafa, rauta ba ta da laifi. Ƙaramar na'urar Wi-Fi da ake soka wa kwamfuta ta kafar USB kan magance wannan da kuɗi kaɗan. A kuma tabbatar manhajar rauta da ta kwamfuta suna kan sabon salo, a kashe VPN yayin gwaji.

Yawan masu amfani

Na'urorin da ke tasha ɗaya bi da bi suke magana da rauta, kamar majalisar da ba a barin mutum biyu su yi magana tare. Wayar da ke can ƙuryar gida da saƙo mai rauni takan ɗauki lokaci mai tsawo kafin ta gama nata, sauran kuma su jira. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Kyamarorin tsaro, wayoyin da ke tura hotuna ma'ajiyar intanet da kwamfutocin da ke sabunta manhaja duk suna ci ba tare da an lura ba.

Shafin saituna yana nuna jerin na'urorin da ke haɗe. Idan aka ga baƙi, a sauya kalmar sirri zuwa doguwa, a yi amfani da kariyar WPA2 ko WPA3. A sauya kalmar shiga shafin saitunan ita ma, domin wadda na'ura ta zo da ita sananniya ce. Duk abin da ba ya motsi, kamar talabijin da kwamfutar tebur, a ja masa kebul domin a rage wa iska nauyi.

Babban gida, wuta da zafi

Gida mai hawa biyu ko mai sassa da yawa ya fi ƙarfin rauta ɗaya. Ƙaramar na'urar ƙara nisa da ake sokawa a soket tana karɓa tana sake turawa a tasha ɗaya, shi ya sa takan raba sauri kusan biyu. Idan za a yi amfani da ita, a sa ta a tsakiyar hanya inda saƙo ke da ƙarfi, ba a ɗakin da ya riga ya mutu ba. Abin da ya fi inganci shi ne a ja kebul zuwa ɗaya sashen a kafa rauta ta biyu, ko a sayi rukunin na'urori masu aiki tare da ake kira mesh, a haɗa su da kebul. Mai gini kuwa, tun ran gini ran zane: ya sa bututun kebul zuwa kowane hawa kafin a yi filasta.

Yawan ɗauke wuta da sauyawa zuwa janareta kan sa rauta ta riƙa mutuwa tana tashi, kuma kowane tashi na cin mintoci kafin haɗi ya dawo. Ƙaramin batirin ajiya ko inbata yana hana haka. Zafin bazara da ƙurar hunturu ma suna wahalar da ita, don haka kada a rufe ta da ƙyalle ko a bar ta inda rana ke bugawa. Idan ta rikice, a cire ta daga wuta na rabin minti a mayar.

Yaushe ya dace a ƙara kuɗi?

Kamfanin Netflix ya ba da shawarar megabit 5 domin kallon bidiyo mai ingancin 1080p, da megabit 15 domin 4K. Wannan na nuna cewa megabit 50 da ke isa kowane ɗaki yadda ya kamata ya ishi matsakaicin iyali kallo, karatu da taron aiki. Ƙarin tsari na da amfani ne kawai idan gwajin kebul ya nuna ana samun cikakken abin da aka saya, Wi-Fi na kai shi ɗakuna, amma duk da haka mutanen gidan suna cinye shi a lokaci ɗaya. In ba haka ba, kuɗin ya fi amfani a kebul mai kyau, rauta ta zamani, ko ladan wanda zai matsar da ita tsakiyar gida.