"Sun Tafi" da "Suka Tafi": Hanyar Koyar da Sigar Past Perfect ta Ingilishi ga Ɗalibi Bahaushe

Tsakure

Maƙalar ta duba muhallin da ake amfani da past perfect, wato had haɗe da siffa ta uku ta aikatau. Ta nuna cewa bambancin shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya da na biyu (sun da suka) a Hausa ya isa ya zama tsanin koyar da wannan siga.

Matsalar

Ɗalibai da yawa sun ɗauka had na nuni ne ga abin da ya daɗe da faruwa. Shi ya sa mai duba insha'i yakan ci karo da "My grandfather had died in 1980" tsaye ita kaɗai. Alhali daɗewa ba ta cikin sharaɗin. Reichenbach (1947) ya rarrabe lokuta uku a jumla: na magana, na aukuwa, da na madogara, wato inda mai magana ya tsaya yana hangen labarin. Past perfect na buƙatar madogara da ta shuɗe, aukuwar kuma ta riga ta. In babu madogarar, "died" ta wadatar.

Nazari

Newman (2000) da Jaggar (2001) sun nuna cewa tsarin Hausa ya fi karkata ga kammaluwar aiki ko rashinta, mahalli ne ke fayyace lokaci. Hausa ba ta ware wa past perfect siga ta musamman ba, amma ma'anar na nan daram. A duba:

(1) Da muka iso, sun tafi. When we arrived, they had left.
(2) Da muka iso, sai suka tafi. When we arrived, they left.

A (1) ba mu tarar da su ba. A (2) mun haɗu, tafiyarsu ta biyo bayan isowarmu. Suka na jan labari gaba daki-daki, sun kuwa na waiwaye daga madogara, aikin da had ke yi ke nan. Duk yaron da ya tashi da Hausa ba ya rikita waɗannan biyun, kuma a ganina asara ce babba a bar wannan sani a ƙofar aji a koma haddar ƙa'ida.

Inda before ko after suka riga suka jera aukuwar, had zaɓi ce. A sharaɗin da bai tabbata ba kuwa daidaitaccen Ingilishi na neman ta: "If you had come" ita ce "Da kun zo".

Sai dai malami ya kula da misalan da zai ɗauko. A ya, ta, na da ka, tsawon wasali ne ke raba sigogin biyu, rubutun yau da kullum kuma ba ya nuna shi. A allo, a fara da jam'i da sigar da ba ta da takamaiman mai aiki: mun da muka, sun da suka, an da aka.