Tsakanin Rufin Asiri da Ran Yaro: Rahoton Ɓoye da Bindigar Gida a Kudancin Kaduna

Gabatarwa

A Kafanchan da ƙauyukan da ke kewaye da ita, ba a tambayar mutum ko yana da bindiga a gida. Tambaya ce da ake haɗiyewa, domin amsarta na iya jawo wa gida kamu ko hari. Sai dai a ɗakin da aka jingine bindigar, ko a ƙarƙashin katifar da aka cusa ta, akwai yara masu rarrafe da masu ƙiriniya. Wannan maƙala tana duba abin da ya kamata hukuma ta yi idan wani da bai bayyana kansa ba ya kai rahoto cewa yaro yana cikin haɗari a gidan mai bindiga. Matsayina shi ne a rufa wa mai rahoto asiri daga jama'a, amma hukuma ta san ko wane ne, kuma a auna haɗarin da yaro ke ciki maimakon a mayar da binciken farautar makami.

Yadda bindiga ta shiga ɗakin kwana

Bindigar toka tsohuwar abokiyar manomi da mafarauci ce a wannan yanki. Abin da ya sauya shi ne dalilin ajiye ta. Rikicin da ya tashi daga Kwalejin Ilimi ta Kafanchan a 1987, da na Zangon Kataf a 1992, da kashe-kashen bayan zaɓen 2011 a Zonkwa da Matsirga da cikin Kafanchan, da harin Goska a ƙarshen 2016, sun koya wa Bajju da Atyap da Fantswam da Hausawa da Fulani darasi ɗaya mai ɗaci, wato taimako kan iso bayan an gama ɓarna. Yarjejeniyar zaman lafiya ta Kafanchan da al'ummomin ƙananan hukumomi biyar suka sa wa hannu a watan Maris na 2016 ta kwantar da zukata, amma ba ta fitar da tsoro daga ɗakunan mutane ba. Bindigar da a da ake rataye ta sai lokacin farauta, yanzu tana kwana kusa da kan maigida, sau da yawa a ɗure. A nan ne haɗarin yaro ya samo asali.

Haƙƙoƙi uku a ƙofar gida ɗaya

Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tsare sirrin ɗan ƙasa da gidansa da wayarsa, ko da yake sashe na 45 ya ba da damar taƙaita wannan haƙƙi domin tsaron jama'a ko kare haƙƙin wasu. Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003 ta ɗora maslahar yaro sama da komai, jihar Kaduna kuwa ta kafa tata dokar jin daɗi da kare yara a 2018. Ga kuma Dokar Makamai ta 1959, wadda ta raba bindigogi gida uku: na yaƙi sai da izinin shugaban ƙasa, na amfanin kai sai da lasisin Sufeto Janar, na ɗuri irin bindigar toka kuma suna ƙarƙashin kwamishinan 'yan sanda.

Saboda haka jami'ar jin daɗin jama'a da ta yi sallama a zauren wani gida a Kagoro ko Gidan Waya tana tsaye ne a mahaɗar dokoki uku. Maigida bai san da wace rigar ta zo ba. Idan ya zaci ƙafar sojoji na biye da tata, zai rufe ƙofa, ya hana uwargida magana, ya gargaɗi yaran. Wanda ya yi asara shi ne yaron da aka zo domin sa.

Rahoton da ba shi da uba

Hujjar masu goyon bayan rahoton ɓoye tana da ƙarfi, kuma ba na raina ta. Kishiya ko malamin makaranta ko maƙwabciya da ta ga uba yana nuna wa ɗansa bakin bindiga cikin maye ba za ta yi magana ba in ta san sunanta zai fita. Ɗa na kowa ne, kuma tilas hanyar cetonsa ta kasance a buɗe.

Amma a wurin da rigimar gona ko ta sarauta ko ta zaɓe kan rikiɗe ta sa rigar addini da ƙabila, kiran waya marar suna makami ne mai arha. Cewa kawai "gidan wane akwai bindiga" ya isa a kama mutum, ko a sa masa tambarin ɗan ta'adda, ko a nuna wa maƙiyansa gidan da za su fara afka wa. Wanda ya yi ƙagen kuwa babu mai iya tuhumarsa, tun da babu wanda ya san shi. Addinan yankin biyu sun yi tir da wannan: Suratul Hujurat ta hana binciken asirin mutane, ta kuma umarci a tantance labari kafin a ɗauki mataki, Dokoki Goma kuma sun haramta shaidar zur a kan maƙwabci.

Ko a Amurka, inda kundin tsarin mulki ya halatta mallakar bindiga, an ɗanɗana wannan matsala. A 2023 jihar Texas ta daina karɓar rahoton cin zarafin yara ta layin hukumarta daga wanda ya ƙi faɗar sunansa, amma tana ɓoye sunan wanda ya faɗi nasa. A ɗaya gefen, a 2024 kotu a jihar Michigan ta ɗaure iyayen wani yaro da ya harbe ɗalibai huɗu a makarantarsu a 2021 da bindigar da suka bari hannunsa ya kai gare ta. Darussan biyu suna tafiya tare: mai rahoto ya ɗauki nauyin maganarsa, mai bindiga ya ɗauki nauyin ajiyarsa.

Abin da ya dace a yi

Na farko, hukuma ta karɓi suna da lambar mai rahoto, ta adana su bisa Dokar Kare Bayanai ta 2023, kada su fita sai da umarnin kotu. Idan ran yaro na cikin haɗarin gaggawa, a je nan take ko babu suna.

Na biyu, tambayar jami'i ta zama a kan yaro. Shin bindigar a ɗure take? Hannun yaro na kai wa gare ta? An raba ta da albarushi da harsashi? An taɓa razana wani da ita a cikin gida? Ana tura ƙaramin yaro sintirin dare da ita? Waɗannan su ne ma'aunin haɗari.

Na uku, ajiye makami ba lasisi laifi ne, kuma wannan maƙala ba ta wanke shi ba. Sai dai bin diddiginsa aikin 'yan sanda ne, ta hanyar takardar izinin bincike daga kotu. Bai kamata a mayar da fayil ɗin yaro ƙofar baya ta samame ba. Cibiyar Salama mai kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, da ke babban asibitin Kafanchan, tana samun masu zuwa ne saboda sun amince asirinsu zai rufu, kuma irin wannan amana ce aikin kare yara yake rayuwa a kanta.

Na huɗu, masu unguwanni da dagatai da limamai da fastoci da shugabannin mafarauta su mayar da adana bindiga nesa da yara zancen huɗuba da taron gari, domin maganarsu tana shiga inda takalmin hukuma ba ya shiga.

Kammalawa

Uban da ya ajiye bindiga yakan ce domin 'ya'yansa ya ajiye ta. To, a riƙe shi da wannan kalma tasa. Hukumar da ta kasa tsare ƙauyensa ba ta da bakin tona asirinsa a kan tsegumin da ba shi da mai shi, shi kuma ba shi da hujjar fakewa da sirrin gida alhali ɗansa na wasa da kunamar bindiga. Idan jami'a ta yi sallama ya amsa ba fargaba, ya nuna mata akwatin da ya kulle, to sirrin gidansa ya tsira, yaron ma ya kwana lafiya.