Wa Zai Buga Littafin Matashin Wasagu?

A ɗauka wani matashi a Wasagu ya rubuta labarin wasu yara biyu 'yan aji ɗaya, ɗaya Musulmi ɗaya Kirista, waɗanda rikicin gona ya shiga tsakanin iyayensu, kuma abin da ya sasanta su a ƙarshe hankali ne da tausayi da riƙon amana, babu wa'azi ko ɗaya a ciki. A ƙasar Zuru, inda Dakarkari da Fakkawa da Kambari da Hausawa da Fulani ke cin kasuwa ɗaya, irin wannan labari ba baƙo ba ne, rayuwar yau da kullum ce. Tambayar da ke biyo baya ita ce, wa zai buga masa? Amsar da tarihin sana'armu ke bayarwa tana da ɗaci amma tana da amfani: adabin matasa na Hausa bai taɓa dogara da kamfanin ɗab'i ba, kuma abin da marubuci ya fi rasawa a yau edita ne.

Tun farko hukuma ce ta haifi ƙagaggen labari na boko. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ce ta buɗe ƙofar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa suka fito, don a samar wa 'yan makaranta abin karantawa. A wannan zango ne aka buga Jiki Magayi, wanda John Tafida ya rubuta tare da East, labarin yadda dukiya ta raba masoya da yadda ramuwar gayya ta cinye kowa. Daga nan sai Kamfanin Gaskiya a 1945, sai hukumar NORLA, sai kamfanin ɗab'i na NNPC a Zariya a 1966. Duk waɗannan gidaje idonsu na kan manhajar makaranta, domin nan ne ciniki yake. Shi ya sa ko So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, da ya fito a 1980, sai ta hanyar gasar NNPC ya samu shiga, haka Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare ya biyo ta gasar gwamnatin tarayya. Gasa ce ƙofa, ba aika rubutu a jira amsa ba.

Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, takarda ta yi tsada, kamfanoni suka ja da baya, matasa ba su zauna jiran gawon shanu ba. Talatu Wada Ahmed ta fitar da Rabin Raina, Balaraba Ramat Yakubu ta zo da Budurwar Zuciya da Wa Zai Auri Jahila?, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna, ƙungiyoyi irin su Raina Kama suka zama makaranta. Marubuci ne ke biyan mai buga rubutu, ya biya maɗaba'a, ya raba labarin kashi na ɗaya da na biyu da na uku a siraran littattafai na takarda mai araha, ya ɗauki kaya ya kai wa 'yan kasuwa a Sabon Garin Kano, su ce masa sai an sayar. Kwafi ɗaya kan zaga ɗakin kwanan 'yan mata har bangonsa ya yage. Masana suka raɗa wa irin wannan rubutu suna Adabin Kasuwar Kano cikin raini, amma a nan aka yi maganar auren dole da karatun 'ya mace da zaluncin miji da bakin waɗanda abin ya shafa.

Wani zai ce labarin da bai jingina da wa'azi ba shigo-da-shi ne daga Turai, kuma hanya ce ta raina addini. Wannan tsoro ba a banza yake ba, kuma ya taɓa kaiwa ga aiki: an kafa hukumar tace finafinai da ɗab'i a Kano a 2001, a 2007 kuma aka ƙona littattafan soyayya a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Sai dai rashin wa'azi daban, ɓatanci daban. Bahaushe na da ma'aunin mutumin kirki, wato gaskiya da amana da kunya da karamci, kuma da shi yake auna maƙwabcinsa ko da ba salla ɗaya suke yi ba. Labarin saurayin da ke noman golmo a gonar surukai yana tambayar kansa ko wahalar ta dace, bai zagi kowa ba, ya dai nuna mutum yana tunani.

Wani kuma zai ce buga wa kai ne ya cika kasuwa da shirme. Nan akwai gaskiya. Littafin da ba wanda ya duba yakan fito da kurakuran rubutu da zaren labari a tsinke, kuma komawar ciniki kan WhatsApp da Wattpad ta ƙara sauƙaƙa sakin ɗanyen aiki. Amma wannan hujja ce ta neman edita, ba ta jiran kamfani ba. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba daga kasuwar Kano ya taso, ingancinsa ne ya sa kamfanin Blaft na Indiya ya buga fassararsa ta Ingilishi a 2012. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, da aka fara a 2016, ta nuna tsohuwar ƙofa tana nan a buɗe.

Don haka matashin Wasagu ya miƙa rubutunsa ga malamin Hausa da marubutan da suka riga shi su tsefe masa shi, ya shiga gasa, ya buga kaɗan ya gwada kasuwar Zuru da Ribah. Masu hali na masarautar Zuru kuwa, kuɗin gasa ɗaya ta shekara-shekara bai fi ƙarfinsu ba.